Garau-garau na Majalisar Ɗinkin Duniya

Malamar da ke koyar da darasin abinci da gina jiki a makarantarmu ta haihu, Allah ya raya, ta tafi gidansu wankan jego. Muka je suna, muka ci waina, muka dawo, ba wanda ya tuna da ajinta sai ranar da Hajiya shugabar makaranta ta ɗaga kai ta ga kalanda. 16 ga Oktoba ta ƙarato, Ranar Abinci ta Duniya, wadda ake yi don tunawa da kafa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945. Ashe tun farkon zango an aika wa ofishin ilimi takarda cewa ɗalibanmu za su yi girki a gaban baƙi, don a shaida yaran sun san abinci mai gina jiki a tukunya, ba a takardar jarrabawa kaɗai ba.

Aka ce Hajiya na kira.

"Malam, ba kai ne na bayoloji ba? Bitamin ɗin nan duk a hannunka suke."

Na ce, "Haka ne, ranki ya daɗe."

"To magana ta ƙare. Girki mene ne in ba bitamin a cikin ruwan zafi ba?"

Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga ta turo ambulan ɗin kuɗin cefane. Tun da na fara koyarwa ban taɓa jin malamin da aka turo wa ambulan ya mayar ba, ni kuwa ba na son kawo bidi'a.

Matsayina a harkar girki ba ɓoyayye ba ne. Ina dafa shayi. Ina dafa ƙwai, in da mai tsaya mini. Zamanin da nake tuzuru mai shayin unguwarmu ne ya riƙe ni, har yau in mun haɗu "yarona" yake ce mini a gaban 'ya'yana. Sai dai ina da abin da mai shayi ba shi da shi, wato ilimi. Na san abin da hanta ke yi da maiƙo, na san inda hanji ke tsotse abinci, ido rufe zan zana ciki a allo. Wanda ya san inda abinci zai je, ai sanin inda ya fito ba zai gagare shi ba.

Na shiga ajin, ɗalibi 80 cif a rajista, maza da mata. Na ce su faɗa mini abinci mai gina jiki. Suka fara: Indomie da ƙwai, shawarma, soyayyar kaza. Wani dogo daga can baya ya ce, "Duk abin da ake ci da cokali mai yatsu, Malam." Na ce tuwon dawa miyar kuka fa? Aji ya kece da dariya, wata ta ce, "Wannan ai abincin ƙarshen wata ne." Ban ga laifinsu ba. A bangon ajin akwai wani babban hoton rukunan abinci da aka bugo a ƙasar waje, ga tuffa, ga inabi, ga cuku, ga wani jan kifi wanda ba a taɓa kama irinsa a Tiga ba. Yaron da ya shekara yana kallon wannan hoton dole ya ɗauka lafiya a babban kanti ake sayar da ita, kuma ubansa ba ya cikin masu saye.

Na ja musu kunne da alƙaluma. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Najeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Mata kashi 58 na fama da ƙarancin jini. Duk wannan a ƙasar da ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bi mata. Aji ya yi tsit, na ce alhamdulillahi, magana ta shiga. Daga baya na gane ba alƙaluman suke kallo ba, ledar sukarin da na ajiye a tebur suke kallo.

Don na zo da gwaji. Na ɗaga robar lemo mai rabin lita, na ce sukarin da ke cikin irin wannan ya kai cokalin shayi 13, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce 12 a yini guda, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Na auna cokali 13 a kofin gilashi, na ba na gaba, na ce a zaga da shi kowa ya ga guba da idonsa. Na juya na rubuta a allo: gishiri kada ya wuce giram 5 ga mutum a rana, ganye da 'ya'yan itace kuwa giram 400. Kafin in juyo kofin ya dawo teburina a wanke. Na ce ina gubar? Monita ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Mun raba ta ne, Malam, don kada ta yi wa mutum ɗaya yawa."

Na yanke cewa garau-garau za mu yi, shinkafa da wake da salak, a kora da zoɓo. Akwai hikima a zaɓin. Hatsi yana da ƙarancin wani sinadarin gina jiki da ake kira laisin, wake kuwa yana da shi, don haka in sun haɗu a kwano ɗaya sai su cike wa juna. Na kafa dokoki uku: ba kanwa, don tana kashe bitamin B1, ba dunƙule, don kusan rabinsa gishiri ne, ba sukari. Na kawo misali da Iya mai ɗanwake ta bakin get, na ce ga irin masu zuba kanwa da mai ba lissafi. Duk jimlar da na yi sai na jingina ta da Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ya sa tun kafin a hura wuta yaran suka raɗa wa girkin suna.

Daren ranar, uwargida ta ga ina ta lissafi a takarda, ta ce, "Malam, ka jiƙa waken tun yanzu. Kuma shi ake fara zubawa, sai ya yi nisa a sa shinkafa."

Na ce, "Na gode, amma wannan girkin makaranta ne, ba na gida ba."

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Akwai yadda mata ke faɗin wannan addu'ar da za ka ji gara a zage ka.

A kasuwa hoton bangon nan ya yi aiki a kaina ni ma. Na sayi kabeji, latas, karas, kokwamba, sannan na tsaya gaban mai tuffa. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016 naira 70 ya ware wa kowane yaro a rana, ni kuwa tuffa ɗaya na saya da kuɗin abincin yara da dama. Amma baƙi za su zo, kuma tebur ba tuffa ai ba ya kama da na ilimi. Abin da ya rage a ambulan ya ishi mudun shinkafa ɗaya da mudun wake ɗaya. Na ce ba komai, ɗanɗano za a yi, ba walima ba.

Da safe na iso da farar rigar ɗakin gwaji a kan shaddata. Abu na farko, babu ruwa. Jajibirin ranar, 15 ga Oktoba, ita ce Ranar Wanke Hannu ta Duniya, malamin lafiya ya sa makaranta kaf ta wanke hannu da sabulu har tanki ya ƙafe. Wanda ya jera ranakun nan biyu a jere bai taɓa zama a unguwar da ake sayen ruwa ba. Na tare ɗan garuwa da kuɗin aljihuna. Abu na biyu, tukunyar gas ɗin ɗakin girki. Na tambayi Baba maigadi inda take, ya tashi daga kanta ya ce, "Ga ta nan, Malam, ta daɗe da zama kujera." Muka koma murhun duwatsu uku a bayan ajujuwa, da itacen da ruwan ƙarshen damina ya jiƙa.

Mazan ajin suka ja gefe, wai girki na mata ne. Na ce mai shayi mace ce? Mai tsire mace ce? Kuku na manyan otal-otal fa? Na gaya musu duk wanda bai iya ɗora tukunya ba, ranar da ya je jami'a ko bautar ƙasa shi da garin kwaki sai dai mutuwa ta raba. Suka yarda, bisa sharaɗin ba za su taɓa ludayi ba. Na ba su sikelin ɗakin gwaji, na naɗa su kwamitin awo da lissafi a ƙarƙashin monita. A lokacin na ɗauka dabara ce.

Wuta ta ƙi kamawa. Yara suka ce a sa leda, na hana, na yi musu bayanin dafin da ke cikin hayaƙin roba. Na durƙusa da kaina ina hurawa, ina gaya musu cewa hayaƙin girki na kashe mutum kusan miliyan 3 a duniya duk shekara, ina tari tsakanin kowace kalma biyu, hawaye na zuba, har wata ta ce, "Malam, ka tashi kada ka cika lissafin." Ta karɓi faifai, ta gyara zaman itacen, ta bar wa iska ƙofa, ta fifita. Wuta ta tashi. Na ce madalla, abin da nake shirin yi ke nan.

Da ruwa ya tafasa na ba da umarni a zuba shinkafa da wake tare.

Yarinyar nan dai ta ce, "Malam, wake ake fara sawa."

"A wane littafi kika karanta?"

"Ba karantawa na yi ba, Malam. Ni nake dafa na gidanmu."

Na yi murmushi irin na malamai, na ce ruwa a digiri 100 yake tafasa ko me ka jefa masa, kimiyya ba ta san ɗan gata ba. Matan ajin suka kalli juna, suka zuba. Na ce wa kwamitin awo su duba allo su sa gishiri daidai da ƙa'ida, ni kuwa na tara sauran a gindin darbejiya don bayanin yadda ake wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a ci shi ɗanye.

Bayanin ya yi armashi, gaskiya. Na yi maganar ƙwayoyin cuta, na yi ta tsutsar ciki, na shiga taifot na fita. Ina cikin kwalara sai na lura duk idanu sun bar fuskata sun koma bayana. Akuyar Baba maigadi ce a kan teburin salak, ta gama da latas, ta yi rabin kabeji, tana duba karas. Na yi ihu, ta dube ni, ta ɗauki kokwamba guda ta sauka ba gaggawa. Baba ya zo yana gyara hula ya ce, "Yi haƙuri, Malam. Tun safe take jin kana cewa ganye lafiya ne."

Tuffa ce kawai ta tsira, don na kulle ta a ɗakin gwaji.

Na koma wurin tukunya. Shinkafa ta narke ta zama tuwo, waken kuwa da na zuba cokali ɗaya a faranti sai da ya yi ƙara kamar tsakuwa. Na daure na kai baki. Jama'a, na taɓa jin labarin mutanen Bilma masu haƙar gishiri a hamada, amma ban taɓa zuwa ba sai ranar. Harshena ya ƙanƙance, kunnuwana suka toshe, na nemi ruwa da hannu don baki ya daina aiki.

Da na farfaɗo na kira monita. Ya zo da takardarsa, bai ko girgiza ba.

"Malam, ka ce giram 5 ga mutum ɗaya. Mu 80 ne. 5 sau 80, 400. Muka duba allo, sai ga 400 ka rubuta da hannunka. Muka ce lallai Majalisar Ɗinkin Duniya ta san yawan ajinmu."

Na duba lissafin sama da ƙasa, ba inda zan sa jan biro. Har yau ina kan bakana cewa yaron bai yi kuskure ba, ni ma ban yi ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce ajin babbar sakandare ɗalibi 40 ne. Da an bi doka, da giram 200 kawai za su zuba. Cunkoson aji ne ya ɓata garau-garau, kuma na faɗi haka a taron malamai.

Saura kamar awa ɗaya da rabi baƙi su iso sai ga Iya mai ɗanwake da bokitin ruwa a ka, ta ga hayaƙi ta ɗauka gobara ce. Ta leƙa tukunya, ta lakata, ta tofar, ta yi salati.

"Ɗana, wa ya ɓata maka rai haka?"

Na fara yi mata bayanin laisin. Ta ɗaga hannu, na yi shiru. An ce an gaya mata abin da na faɗa a kanta a aji, amma ko a fuska ba ta nuna ba, ta bari sai wurin lissafin kuɗi. Ta aiki yara biyu gidanta su ɗauko tsakin masara, madambaci, ƙuli-ƙuli, daddawa da dabino. Ta ce wa sauran matan su je su tsinko zogale. Na ce ai kuɗin cefane ya ƙare, Iya. Ta nuna shingen da ya zagaye gidajen malamai. Shekara da shekaru ina jingina babur ɗina a jikin itatuwan nan, a zatona shinge ne kawai.

Daga nan aka kore ni daga murhu cikin mutunci. Iya ta sa aka wanke tuwon gishirin nan a rariya, aka tsince waken, aka ɗauraye, aka mayar da shi sabon ruwa, ta ɓalli 'yar kanwa ta jefa. Na ce, "Iya, bitamin B1!" Ta ce, "Da ka jiƙa shi tun dare da ba ruwanka da kanwa. Matarka ba ta gaya maka ba?" Na ce wannan maganar cikin gida ce.

Yaran da ɗazu suke tsaye suna kallona sai ga su sun zama wasu mutane. Wannan na wanke tsaki, wannan na tsige zogale daga tsinkensa, wannan na yanka albasa ba ta ko kallon wuƙar. Aka turara tsakin a madambaci, aka liƙe bakin tukunya da jiƙaƙƙen tsumma don kada tururi ya gudu, aka sauke, aka barbaɗe shi da zogale da albasa da attaruhu da dakakken ƙuli-ƙuli da daddawa da ɗan mai, aka mayar. Ragowar zogalen aka dafa aka yi kwaɗo. Har 'yan kwamitin awo, da aka ƙwace musu sikeli, suka karɓi taɓarya suna dakan ƙuli-ƙuli, dogon nan na cokali mai yatsu shi ne a gaba.

Ni kuwa na ga bai kamata ilimi ya zauna banza ba, sai na riƙa bin Iya ina fassara ta. Ta turara, na ce turare ya fi tafasawa a zubar da ruwa, don bitamin da yawa a ruwan suke tafiya. Ta sa daddawa, na ce kalwar ɗorawa ce da aka ruɓar, tana ba da ɗanɗano ba sai an cika dunƙule ba. Ta matsa lemon tsami a kwaɗo, na ɗaga murya na ce, "Ku lura! Bitamin C yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye, shi ne maganin ƙarancin jinin nan, shayi kuwa in an sha shi a kan abinci hana shi yake yi." Iya ta ce, "Mu dai don daɗi muke matsawa. Matsa mini nan, ɗana, kana tare mini iska."

Zoɓon da na haɗa ba sukari, Hajiya ta zo duba aiki ta kurɓa, idonta ɗaya ya rufe bai buɗe ba sai bayan wani lokaci. Na ce mata irin wannan zoɓon ne ake lodi daga Jigawa har Meziko. Ta ce, "To a kai musu." Iya ta jiƙa dabino ta dama ta tace a ciki, ta sa citta da kanumfari, ya shawu.

Baƙi suka iso, jami'in ofishin ilimi da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Aka jera dambu, aka zuba wake a gefe, ga kwaɗon zogale, ga tuffata a tsakiya an yanka ta siri-siri har ana hango faranti ta cikinta. Jami'in ya ci, ya nemi ƙari, ya tambayi yarinyar mai faifai me ya sa ake haɗa hatsi da wake. Ta ce, "Don ɗaya yana da abin da ɗaya ba shi da shi, yallaɓai, amma wake ake fara sawa." Ba ta kalle ni ba, Allah ya yi mata albarka.

Sai ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce ya zaga makarantu da yawa, kowa kabeji da tuffa yake jera masa, amma yau ya ga malami mai hangen nesa, wanda ya mayar da yara ga abin da ke tsirowa a bayan ajinsu. Aka yi tafi. Ban ƙaryata shi ba, don ba tarbiyya ba ce a katse babba yana magana. Iya na tsaye a bayan darbejiya tana lissafi da yatsu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wawason da ya biyo bayan tafiyar baƙi. Yaran da suka ce abincin ƙarshen wata ne, su ne suka yi wa madambaci tas, har ana rigima a kan wa ya tsinko zogalen da ya fi yawa. Ganyen da za su ture in uwarsu ta zuba musu a gida, da yake su suka hau shinge suka tsinko, su suka tsige, su suka daka ƙuli, sai ya zama abin alfahari. Tuffar ma sai da ta yi kwantai, Baba maigadi ya kai wa akuyarsa, tare da tuwon gishirin da ya ce zai busar ya ajiye wa dabbobi lasa. Washegari dogon nan ya same ni a ofis yana tambayar adadin ruwan da ake sa wa tsaki, na ce tambaya ce mai kyau, ya je ya yi bincike a bakin get ya kawo mini a rubuce.

Kuɗin Iya ya cinye mini abin da ba zan rubuta a nan ba, don uwargida na karanta jarida. A cikin lissafin har da wani abu da ta kira "kuɗin ambaton sunana a aji".

Makon jiya takarda ta zo daga ofishin ilimi. Saboda ƙwazon da na nuna, an zaɓe ni in horar da malaman girki na makarantun yankinmu baki ɗaya a zango mai zuwa, kuma an ce in zo da hannuna in nuna musu yadda na yi dambun nan. Na je wurin Iya, ta ce yanzu ita mai ba da shawara ce, ta ninka farashi, kuma sai an biya kafin ta ɗaura zani. Don haka duk mai karatun da ya san wata dattijuwa mai hannun dambu, mai sauƙin farashi, wadda kuma ba ta da yawan magana a gaban baƙi, don Allah ya turo ta ta tambayi malamin bayoloji. Ta zo da madambacinta.